Zubin dalma a garejina: amsa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali, da Inna. Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi har sau uku, kuma na ji yadda muryarka ta canja a daidai wurin da ka ce, "To kai yanzu harsashi kake ƙerawa?" Ban kyauta ba da na tura hoton nan a zauren iyali na WhatsApp ba tare da bayani ba. Mutumin da ke zaune a Gusau, wanda da wuya mako ya wuce bai ji an tare hanya ko an kwashe mutanen wani ƙauye ba, in ya ga ƙanensa tsaye gaban tukunyar narkakkiyar dalma, ga kawunan harsashi zube a kan tawul, babu abin da zai fara faɗo masa a rai sai sharri. Ka tambaye ni ko doka ta yarda, ka tambaye ni ko duk Hausawan nan haka suke yi, sannan ka yi mamakin yadda na ce wani guntun ƙarfe, wato mazubin kan harsashi, ya ci mini dala 150 alhali akwai irinsa na dala 30. Bari in bi su a hankali.

Hausawan da ke jihar Wisconsin ta Amurka ba mu da yawa. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya, akwai direbobin manyan motoci, akwai ɗalibai da malamai a Madison, inda jami'ar garin ta daɗe tana koyar da harsunan Afirka, har marigayi Neil Skinner mai ƙamus ya koyar da Hausa a can. Mafi yawanmu ba su taɓa riƙe bindiga ba, kuma ba sa so. Wasu ma in suka ji ka ce ka tafi farauta sai su dube ka wani iri, domin abin da suka baro a gida bai bar su ba. Ba na ganin laifinsu. Mu da muke shiga daji ba mu wuce a ƙirga mu da yatsun hannu ɗaya ba, kuma a cikinmu ni kaɗai ne na kai ga zubi. Amma nama kam kowa yana ci. Duk ƙarshen shekara matanmu sukan haɗu su yi dambun naman barewa da kilishi a cikin oba, a kai wa masu jego, a ajiye wani don suna. Barewarsu ta ninka tamu girma, guda ɗaya takan riƙe gida wata da watanni. Kafin in fara sai da na tambayi malaminmu, ya ce malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da aka harba da harsashin dalma matuƙar an yi bisimilla lokacin harbi, in kuma ka same ta da sauran rai, ka yanka.

Su mutanen jihar, farauta a wurinsu kamar kaka ce a wurinmu. Ranar Asabar ɗin da ke gabanin bikinsu na godiya a watan Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga, kwana 9 cif, kuma mutum sama da rabin miliyan ne ke yankar lasisi. Dole ka sa riga mai launi mai ƙyalli, yawanci ruwan lemo, don kada wani ya ɗauke ka dabba. Duk wanda aka haifa daga farkon 1973 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon farauta. In ka kashe barewa sai ka yi mata rajista da hukumar kula da albarkatun ƙasa, ta waya ko ta intanet. Da an rufe wannan kuma sai a buɗe kwana 10 na bindigar ɗuri, wadda ake cusa wa albarushi ta baki, 'yar'uwar adakar da Baba ke korar birai da ita a gona. Ranar da na fara ganin ta a hannun Bature sai da na tsaya ina kallo, domin ƙamshin hayaƙin shi ne dai wanda na sani tun ina yaro.

Batun doka kuwa, ga yadda yake. Dokar tarayya ta 1968 ta ce wanda zai ƙera harsashi don sayarwa sai ya mallaki lasisi. Wanda zai haɗa don amfanin kansa, in dai yana cikin waɗanda aka yarda su mallaki bindiga, ba a neman lasisi a wurinsa. Ɗan ƙasa da mai takardar zama ta dindindin suna ciki. Ɗalibi ko baƙo mai bizar wucin gadi ba ya ciki, sai ta wasu 'yan ƙofofi, kamar in yana da lasisin farauta, shi ya sa duk yaron da ya zo karatu ya nuna sha'awa nakan ce masa ya tsaya a kallo. Wanda aka taɓa kamawa da babban laifi ko dukan iyali, shi ko harsashi ɗaya aka gani a aljihunsa ya shiga uku. Ni ban taɓa sayar da ko ƙwaya ɗaya ba, ba na kuma ba wa kowa.

Sannan abin da ka gani a hoto ba cikakken harsashi ba ne, kai ne kawai. Harsashi abu huɗu ne: kwanso, da 'yar hular ƙyastu da ke gindinsa, da albarushi, da ƙwayar da ke fita. Ukun farko a kanti ake saye, kwanson ne kawai ake tsincewa bayan harbi a sake amfani da shi. Ƙwayar ita ce ake iya zubawa a gida. Ba zan shiga yadda ake haɗawa ba, kuma ka san dalili.

Wanda ya koya mini wani dattijo ne maƙwabcina, wanda ya yi ƙuruciyarsa a maɗaba'a tun zamanin da ake zuba haruffan jarida da dalma. Da aka daina wannan aiki ya kwaso tsofaffin haruffan a bokitai, har yau da saura a garejinsa. Shekarar 2020, lokacin korona, harsashi ya yi ɓatan dabo a kantuna, wanda ka samu kuma kuɗinsa ya ninka. A lokacin ne ya kira ni ya ce in zo in ga yadda yake kwana lafiya. Hunturu yake yin zubinsa, lokacin da dusar ƙanƙara ta hana kowa fita, ya tara na shekara, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Mazubin, wanda su ke ce wa mol kamar yadda masu buga bulo ke faɗa a gida, ƙarfe ne ɓari biyu da aka haɗa a bakin mariƙi mai kama da awartaki. A tsakiya an ƙwaƙule gurbi daidai siffar ƙwayar, rabi a wannan ɓari, rabi a wancan. A sama akwai wani faifan ƙarfe mai huda, ta nan dalma ke shiga, shi ne kuma ke yanke abin da ya yi saura. Akwai 'yan ƙusoshi da ke sa ɓarin biyu su haɗu daidai duk lokacin da aka rufe. Shi ke nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a kasuwa ya riga ya fahimci rabin abin. Sai dai ka lura, tukunyar da muke ce wa ta dalma a gida sanholo ce, ba dalma ba. Dalma ta gaskiya ita ce mai nauyin nan mai laushi da ke cikin batirin mota.

Mai arha a nan kowa ya san shi, na kamfanin Lee ne, kuma a jiharmu ake yin sa, a wani ƙaramin gari da ake kira Hartford. Richard Lee ya fara sana'ar a 1958, kuma tun asali manufarsa talaka ya iya saye. Da sanholo suke yin mazubinsu. Mai gurbi biyu yana zuwa da mariƙinsa a haɗe, na sayi nawa kusan dala 30. Akwai mai gurbi shida, wanda zubi ɗaya ke ba ka ƙwaya shida, shi sai ka sayi mariƙi dabam. Sanholo ba shi da nauyi, yana ɗaukar zafi nan da nan, ba ya tsatsa. Dattijon nan da hannunsa ya fara ciwon gaɓɓai ya ajiye manyan ƙarafansa da yawa ya koma wa mai shida, domin awa biyu kana ɗaga ƙarfe mai nauyi kana juyawa ba wasa ba ne. Inda sanholo yake da rauni shi ne laushi. Ba ya son duka, ba ya son gaggawa. In ka riƙa rufe shi da ƙarfi, ko ka bar ɗigon dalma ya maƙale a ƙarƙashin faifan yana gogar samansa, zai karce, kuma abin da ya karce ya tafi. Yadda yake saurin ɗaukar zafi haka yake saurin sakinsa, don haka in ka tsaya amsa waya, ƙwayoyin da za su biyo baya sai su fito da tamoji kamar fuskar tsohuwa, sai dai a mayar da su tukunya.

Na tsakiya su ne na baƙin ƙarfe, irin na Lyman da RCBS da SAECO. Waɗannan sunaye ne masu tarihi. Lyman ta gaji wani kamfani mai suna Ideal, wanda aka kafa a 1884 a Connecticut, ta saye shi a 1925, kuma har yau wasu lambobin mazubinta daga can suka samo asali. Akwai wata siffar ƙwaya mai lamba 429421 da wani makiyayi kuma marubuci mai suna Elmer Keith ya tsara tun shekarun 1920, har gobe ana zuba ta, kuma tsofaffi suna gardama a kan wane zubi ne ya fi kusa da abin da ya zana. RCBS kuma Fred Huntington ne ya kafa ta a 1943 a Oroville ta Kalifoniya. Mazubin ƙarfe ya ninka na sanholo kuɗi sau uku ko fiye, kuma ba ya zuwa da mariƙi. Yana da nawar ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ya riƙe, sai ka ga ƙwaya ɗari sun fito kamar an tsaga kara. Yana jure duka da shekaru. Maƙwabcina yana da wanda ya gada wurin mahaifinsa, ya girme ni, kuma har yau babu abin da ya same shi. Abokin gabarsa tsatsa. In ka gama sai ka shafe shi da mai ko ka rufe shi a akwatin da danshi ba ya shiga, in za ka sake aiki sai ka wanke man tas, domin ɗigon mai a cikin gurbi yana ɓata zubi.

A nan na taɓa yin asara. Akwai kasuwar bindigogi da ake ci lokaci-lokaci a manyan zaurukan taro, na ga wani mazubin ƙarfe na hannu a teburin wani mutum, ya yi mini rabin kuɗi, ya rantse lafiyarsa ƙalau. Da na zo gida na ɗaga shi a hasken fitila sai na ga haske yana ratsawa ta tsakanin ɓarin biyu. Ashe ba tagwayen juna ba ne, an haɗa ɓarin wani da na wani. Duk ƙwayar da ya fitar tana da fiffike a gefe, kuma ba ta zagaye daidai ba. Na koma wata kasuwar ban sake ganin mutumin ba. Tun daga ranar ba na sayen na hannu sai na rufe shi na duba a haske.

Sai na sama, wanda ka yi wa tsegumi. Waɗannan ƙananan maƙera ne masu injin da kwamfuta ke sarrafawa, irin su NOE da Accurate a jihar Utah, da MP a ƙasar Sulobeniya. Wasu da tagulla suke yi, wasu da sanholo mai tauri. Nawa na tagulla ne, mai gurbi huɗu. Yana da kyau a ido, yana riƙe zafi, ba ya tsatsa, amma nauyinsa sai ka ji a wuyan hannu, kuma in ka bar shi ya yi zafin da ya wuce kima yana iya lanƙwasa. Ba kyan ne na saya ba, Yaya. Abin da na saya shi ne awo.

Ga abin da nake nufi. Cikin bututun bindiga akwai zane mai murɗe wanda ke kama ƙwaya ya juya ta don ta tafi a miƙe. Bututu biyu da aka rubuta wa lamba ɗaya ba lallai faɗinsu ya zo daidai ba, musamman tsofaffi. Bambancin kan zama kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci, abin da silin gashi ya fi shi kauri. Ƙwayar kanti mai rigar jan ƙarfe ba ta cika damuwa da wannan ba. Ƙwayar dalma zalla kuwa in ta yi wa bututu kaɗan, zafin wuta yakan bi ta gefenta ya narkar da ita, ta shafe cikin bututun da dalma, harbi ya riƙa warwatsuwa. Babban kamfani yana yin mazubi ne a kan awon da ya dace da yawancin bindigogi. Ƙaramin maƙeri kai za ka faɗa masa faɗin da kake so, ya yanka maka. Tsohuwar bindigar da nake farauta da ita bututunta ya ɗan fi na kowa faɗi, na yi ta fama har dattijon ya auna mini ya ce matsalar ba hannuna ba ce. Da sabon mazubin ya zo, harbin da ke bazuwa kamar faɗin faranti ya dawo kamar tafin hannu. Ga mai harbin takarda wannan abin alfahari ne kawai. Ga mai harbin dabba kuwa, shi ne bambancin barewar da ta faɗi nan take da wadda ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale inda ba za ka same ta ba. Na taɓa bin sawun jini har duhu ya rufa ban samu ba, kuma ban yi barci ba a daren. Dala 150 ba ta kai wannan ba.

Amma kada ka ɗauka ina cewa araha ba ta ado a nan. Tana yi. In bindigarka awonta na kowa ne, ƙwayar mazubin dala 30 da ta na dala 150 rami ɗaya za su shiga, kuma na ga haka da idona a filin gwaji. Kashi tara cikin goma na abin da nake harbawa a shekara daga mai arhar yake fitowa. Sabon shiga da ya fara da mai tsada ɓarnar kuɗi ya yi, domin bai san awon da zai nema ba, kuma hannunsa bai koyi tausasawa ba. Akwai kuma masu tara su kamar yadda wasu ke tara agogo, mutum yana da hamsin, bai taɓa zuba rabinsu ba. Wannan ba ya burge ni. Sannan duk wanda ya ce maka yana zubi ne don ya rage kashe kuɗi, rabin gaskiya ya faɗa. Ƙwaya ɗaya tana sauƙi ƙwarai, amma sai ka ninka yawan harbin da kake yi.

Abin da ya fi damuna a wannan sana'a ba bindiga ba ce, dalmar ce, kuma ba sai na yi wa ɗan Zamfara dogon bayani ba. Kana gida a 2010 lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a 'Yargalma da Dareta da sauran ƙauyukan Bukkuyum da Anka, daga baya aka ga Bagega ta fi ko'ina. Yara sama da 400 suka tafi, saboda ana niƙa dutsen zinari mai dalma a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda suke rarrafe. Ita ce dai wannan dalmar da ke garejina. Ranar da na fara kawo tukunya gida, maman su Hanifa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in ta shigo ita za ta fita, kuma ta fi ni gaskiya. Sharuɗɗanta nake bi har yau. Ƙofar gareji a buɗe ko da sanyi zai kashe ni, ga fanka tana fitar da iska. Ba ci, ba sha a wurin. Kayan da na sa ba sa shiga cikin wankin yara. Yara ba sa taka wurin. Duk shekara ni da su sai an auna jininmu. Hukumar lafiyar Amurka ta CDC tun 2021 ta sauke mizanin da ake fara bin yaro da kulawa zuwa maikrogiram 3.5 a kowane desilita na jini, kuma likitoci suna cewa babu adadin da za a kira lafiya lau. Ruwa kuma ba ya kusantar tukunya, domin ɗigon da ya nutse cikin narkakkiyar dalma yakan watsa ta har rufi.

Su kansu Amurkawa suna ja da baya daga dalma a daji. Tun 1991 aka hana harbin agwagin ruwa da ita a duk ƙasar. Kalifoniya ta hana ta a kowace irin farauta daga ranar 1 ga Yulin 2019, saboda manyan tsuntsaye masu cin mushe suna haɗiyar ɓurɓushinta a kayan cikin da mafarauta ke bari. A nan ma ana samun gaggafa da gubar. Shi ya sa nake binne kayan ciki, ina kuma yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi in zubar kafin a kai wa mata. Ina ganin nan da 'yan shekaru zan koma ƙwayar jan ƙarfe ta kanti don barewa, in bar zubi don filin gwaji, inda ake tara dalmar a sake narkarwa.

Saura maganar da ka faɗa a ƙarshen saƙon da murya ƙasa-ƙasa, cewa wani abokinka cikin 'yan sa-kai ya ga hoton ya ce ko zan iya sako masa mai arhar a cikin kaya. Ba zan aiko ba, Yaya, ko da kai ne da kanka ka nema. Na san halin da ake ciki, na san mutane sun gaji da binne 'yan'uwansu, kuma ba daga kan kujerar jin daɗi nake yi musu wa'azi ba, domin Inna tana can. Amma fitar da kayan bindiga da harsashi daga Amurka yana da nasa lasisi, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta bar mutum ya ƙera harsashi a gida ba. Ko adaka sai da izinin kwamishinan 'yan sanda. Ni da shi da kai duk za mu iya kwana a gidan yari a kan guntun sanholo. Ban da haka, a nan abin yana zaune ne cikin lasisi da rajista da ɗan sandan da ke zuwa in an kira shi, ga asibitin da ke auna jinin yaro. In na sa mazubi a akwati, waɗannan ba za su biyo shi ba. Ban san hannun da zai faɗa ba bayan wata shida, kuma ban san tsakar gidan da za a hura wutar narka batir a cikinta ba, yara suna wasa a gefe. Ka ba shi haƙuri, ka ce ni na ƙi, kada ya ga laifinka.

Na goge hoton daga zauren. Don Allah ka duba wayarka da ta su Abba ka goge shi, har inda waya ke ajiye hotuna da kanta, in kuma ka tura wa wani ka ce ya goge. Kana yawan bin hanyar Funtuwa, kuma ka san a shinge akan karɓi waya a duba. A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin ƙafar yana hannun wanda zai taso ƙarshen wata.